Mu da Daren Hunturu a Adabka

Kowace shekara, da iskar gabas ta fara kaɗawa wajen ƙarshen Nuwamba, mu mutanen Adabka sai mun tayar da gardamar nan da ba ta mutuwa: sanyin bana ya fi na bara, ko bai kama ƙafarsa ba. Babu mai na'urar awon sanyi a cikinmu, amma kowa da hujjarsa. Wani ruwan randa ne shaidarsa. Wani tsohuwar karaya ce a gwiwa ke ba shi labari tun kafin kiran assalatu. Wani kuma man gyaɗan matarsa ne da ya yi barci a kwalba. Dattawa kuwa raina mu suke yi gaba ɗaya. "Ku ɗiyan yanzu mi kunka sani ga ɗari? Ɗari ya ƙare tun zamanin Sardauna." Mai faɗin haka ya naɗe kai da wuya da rawani, ido kaɗai ake gani, ga kaskon wuta tsakanin ƙafafunsa, ga safa biyu a kowace ƙafa.

In ka duba kalanda ba za ka ga inda aka rubuta mana bikin hunturu ba. Sallolinmu biyu da Maulidi lissafin wata suke bi, kowace shekara su matso da kwana goma ko sha ɗaya, don haka wani zamani su faɗo cikin sanyi, wani zamani a tsakiyar bazara. Waɗanda suka yi wayo a shekarar 2000 suna tuna cewa sau biyu aka yi Ƙaramar Salla a shekara guda, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba, duka cikin hazo. Aka tafi idi ana rawar ɗari cikin sabuwar shadda, don babu wanda zai yarda ya rufe ɗinkin Salla da rigar sanyi. A 2015 kuma Maulidi ya zo ranar 24 ga Disamba, washegari Kirsimeti, ma'aikata suka haɗa hutu biyu suka miƙe ƙafa. Yanzu ma azumi na ta gangarowa: na 2025 a farkon Maris ya kama, kuma masu lissafi sun ce a 2030 sau biyu za a ɗauke shi, a Janairu da ƙarshen Disamba. Tsofaffinmu da suka sha azumin Afrilu da Mayu har maƙogwaro ya bushe, addu'arsu ke nan, Allah Ya nuna musu azumin sanyi. Mu da muka san halinmu mun san ranar da ya zo, kukan alwalar asuba za mu koma.

Bikinmu na wannan lokaci rumbu ne ke kawo shi. Da an yanke gero, an sare dawa, an gama roron wake, an cire gyaɗa da waken suya, masu fadama sun buge shinkafa, sai ka ga tafiyar mutane ma ta sake. Wanda tun Yuli yake bi ta bayan masallaci don kada su yi ido huɗu da mai shago, yanzu ta tsakiyar kasuwa yake ratsawa, yana gaisuwa da ƙarfi. Lokacin biyan bashi ke nan, lokacin cin sabo kuma. Sannan lokacin aure. Duk saurayin da ya ce wa iyayen yarinya "sai kaka", to kaka ta zo har ta wuce, babu sauran wurin ɓuya. Daga Disamba zuwa Fabrairu da wuya Juma'a ko Asabar ta wuce ba ka tsaya ɗaurin aure biyu ko uku ba, wani a nan cikin gari, wani a Nasarawar Burkullu, wani a Zugu ko Gwashi, wani har Gummi, kuma kowanne in ba a gan ka ba an ajiye maka a rai. Mu maza namu mai sauƙi ne: a shafa fatiha, a cika aljihu da goro da dabino da alawa, a watse. Mata ke ɗauke da nauyin. Su ke tuyar alkaki da dubulan, su ke dakan nakiya, su ke riƙe da lissafin biki a ka, ba littafi ba biro: wance ta kawo mini dubu biyu ranar sunan ɗana shekara huɗu da suka wuce, yau dole in mayar mata da ninki. Matar da za ta rantse maka ba ta iya lissafi ba, a wannan asusun ba a taɓa cin ta ko naira ɗaya ba.

Ci ma sai ya sake. Tuwon dawa da miyar kuka da ka ture jiya da dare kana cewa kullum shi ke nan, shi ne da safe za ka tsuguna gaban murhu kana jiran a ɗumama, a zuba masa man shanu da yaji, kana korar yara da hannu ɗaya. Fura sai rana ta take ake nemanta, safiya ta zama ta koko da ƙosai, da kunun tsamiya, da kunun gyaɗa a gidan da aka ji daɗin gyaɗar bana. Sannan ga hoce. Baƙi daga Kano sukan ɗauke shi su juya, su ƙwanƙwasa, su tambaya ci ake yi ko gini. Mu dai mun san abinmu. A marmasa shi, a yi datu da ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai da barkono, da zogale in akwai, ka ci ka kora da ruwa, to kai da yunwa sai bayan la'asar. Shi mai tafiya cin rani ke ƙullewa a gindin buhu, don yana kwanaki bai lalace ba. Ɗan Zamfara da ya ce maka ya manta hoce don ya yi shekara biyu a Abuja, kai shi ɗakin mahaifiyarsa ka tsaya daga bakin ƙofa ka yi kallo.

Kan hanya kuwa ba a rasa abin taɓawa. Rake ya shigo, kowane lungu ɓawonsa ne a zube, ga mazarƙwaila, ga dankali da rogo a kan garwashi, ga magarya da goruba a tiren yara. Masu zuwa Gummi su dawo da kifin Gulbin Zamfara, ɗanye ko banda, tarwaɗa da karfasa, kuma duk wanda ya je Gummi ya dawo hannu sake sai ya yi bayani a gida.

To amma hunturu da dare ake saninsa. Da an sallame isha'i, duk namijin da ƙafarsa ke ɗaukarsa ya san inda zai nufa, kuma mafi yawanmu teburin mai shayi ne.

Tebur ne dogo da aka rufe da leda mai fure, an jera gwangwanayen madara da Milo da Bournvita, burodi a gefe, kiret ɗin ƙwai, kwalin Indomie, benci biyu sun sa shi a tsakiya. Tukunyar ruwan ba ta sauka daga kan gawayi tun magariba, ta sha citta da kanumfari da masoro har tururinta kaɗai na buɗe hanci. Ya ɗauki kofi biyu, hannu ɗaya sama hannu ɗaya ƙasa, ya yi ta juye shayin daga wannan zuwa wancan har ya yi kumfa, ko ɗigo bai zuba ba, kuma duk wannan aikin kunnensa na kan gardamar da ake yi, har ya kan sa baki. Ba ya tambayar kowa abin da zai sha, don ya san aljihun kowa. Wanda ya sayar da waken suya yau, kakkaura za a haɗa masa, da ƙwai uku da albasa. Wanda ya raɓa a ƙarshen benci ya ce likita ya hana shi madara, ruwan bunu za a miƙa masa, kuma ba mai tona shi, don gobe wani ne likitan zai hana. Ƙarƙashin teburin akwai wani littafi da bangonsa ya sha mai. Da za a karanta littafin nan a masallacin Juma'a, da manyan gari da yawa sun yi ƙaura kafin la'asar.

Ƙarfe takwas da rabi sai a yi tsit, a kunna BBC. Minti talatin ɗin nan kaɗai ne ake samun shiru a majalisar. Ana rufe shiri sai namu ya buɗe. A nan muke naɗa minista mu tuɓe shi, mu sasanta Rasha da Yukiren, mu yanke wa buhun taki farashin da ya dace, mu gaya wa gwamna abin da ya kamata ya yi da yana da masu ba shi shawara irinmu. Kowace majalisa na da mutum ɗaya da ya taɓa zama Legas, shi ne ke yanke hukunci a kan duk abin da ya shafi teku, jirgi ko Yarabawa. Tana kuma da ɗaya da bai yarda da komai ba. "Aradu ƙarya ta, ni ban ga wanda yag gani ba." Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kofin ya ƙanƙance, burodin ya rame, ƙwai ya zama abin da ake ci da dalili, amma bencin bai rage mutum ko ɗaya ba. Ashe dama ba shayin ne ke tara mu ba.

Kusa da shi, don su biyun ba sa nisa da juna, mai tsire ya kafa tsinkayensa kewaye da tukuba. A hunturu rabin waɗanda suka kewaye shi jin wuta suka zo, kuma ya sani. Sai ka ga mutum ya miƙa tafin hannu biyu ga garwashi yana tambayar nawa-nawa ne yau, alhali jiya ma ya tambaya, shekaranjiya ma haka. A yanka masa ɗanɗano, ya tauna a hankali, ya gyaɗa kai, ya ce bari ya je ya dawo. Masu saye kuwa iri biyu ne. Akwai mai cewa a ƙunshe masa a takarda, a ƙara albasa da yaji, ya soke a aljihun babbar riga ya nufi gida da sauri. In ka bincika ango ne, ko kuma ya yi laifi. Akwai mai ci a tsaye, ya goge baki da kyau, ya shiga gida ya ce wa iyali gari ba kuɗi. Wannan ƙuli ne ke tona shi, don ƙamshin tsire ba ya barin gemu da ruwan sanyi, kuma matanmu in an zo nan hancinsu ba ya mura.

Akwai shekarun da ba manoma ke tayar da farashin nama ba, yaran haƙar zinare ne. Su shigo gari da ƙura har gira, su ce a juye musu tire guda. Mun ga kuɗin, mun kuma ga abin da ya biyo bayansa. A 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka zauna. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Har yau in ka ga yaro ya sayi balangu bai tambayi farashi ba, ba sai an gaya maka inda ya fito ba.

Samari nasu gidan kallo ne: rumfar kwano, benci, talabijin biyu, janareto na kuka a baya. Turawan Ingila ba sa hutun ƙwallo a ƙarshen Disamba, don haka mu ma ba mu hutawa. Yaron da bai taɓa wuce Daki Takwas ba zai ce maka "mun sayi ɗan wasa", ka ɗauka da kuɗin gyaɗarsa aka biya. 'Yan Arsenal da 'yan Chelsea sun raba zumuncin da rabon gado bai raba ba. Ranar 18 ga Disamba 2022, da Ajantina ta ɗauki kofin duniya a Katar bayan bugun fenariti da Faransa, masoya Messi ba su bar kowa ya yi magana ba har aka shiga sabuwar shekara. Ranar 11 ga Fabrairu 2024 kuwa, da Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a Abijan bayan mu muka fara zura ƙwallo, washegari ko gaisuwar kirki ba a yi ba. Wanda ba ruwansa da ƙwallo yana shagon mai cajin waya, ya miƙa tasa a tura masa Labarina ko Izzar So ko fim ɗin Indiya na fassara, ya koma ɗaki ya ja bargo.

Maza mukan ɗauka mu kaɗai ke da dare, don mu ake gani a waje. Ba haka ba ne. Matan aure da ba sa fita da rana, daren nan ne nasu. Bayan isha'i za ka ga ayari na tafe a gefen katanga, hijabai har ƙasa, yaro a gaba riƙe da tocila, za su barka, ko dubiya, ko gaisuwar rasuwa, ko ganin ɗakin amarya. Unguwar da aka ce ta minti goma ce sai yaron ya yi barci a kan tabarmar mutane. Labarin da za mu kwana uku muna hasashensa a teburin shayi, su a dare ɗaya sun gama shi, har da wanda ya fara da wanda za a ba rashin gaskiya. Waɗanda suka zauna gida kuma suna kewaye da kasko, ana ɓarar gyaɗa, ana gasa dankali cikin toka, kaka na ba jikoki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi in waya ta bar su sun saurara. Abu ɗaya da ba na wasa ba: kaskon nan da ake shiga ɗaki da shi a rufe ƙofa da taga, shi ke kawo gobara da shaƙewa kowace shekara, ga iska, ga danni da zana duk sun bushe. Ana faɗa a masallaci, muna cewa to, muna sake shiga da shi.

Wuta mafi girma a gari ta makarantar allo ce. Da rana almajirai sun yo kara, da dare a hura, su kewaye ta da allunansu, karatu na tashi har unguwa ta uku, kafin asuba kuma a sake hurawa. Muna son jin sautin, muna cewa albarkar gari ce. Sai dai yaran nan da yawansu riga ɗaya gare su, ƙafa duk faso, kuma idan wutar ta mutu a zaure suke kwana. Mai rigar sanyi uku a jiki da ke wucewa yana cewa masha Allah, da ya cire ɗaya ya miƙa da ya fi.

Iyayenmu in suna ba da labarin darensu sai ka ji kamar a wata ƙasa aka yi. Farin wata, dandali cike, 'yan mata na gaɗa, mai kalangu na zuga samari, yara na langa. Bayan girbi a yi kalankuwa, 'yan kokawa da 'yan dambe su bi gari-gari, kuma har yau in an ambaci Shago da makaɗinsa Ɗan Anace sai ka ga dattijon da ke tafiya da sanda ya dunƙule hannu. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Aka rufe gidajen giya da na caca, kiɗan da ke cakuɗa maza da mata ya ja baya, wa'azin dare ya karɓi filin. Ƙasar nan dama ta malamai ce, Gummi ce ta haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Kuma wa'azin ma taro ne: ga lasifika, ga masu turare da littattafai, ga 'yan talla da fitilunsu, ga mai shayi ya matso da teburinsa. Masu neman abin da aka hana kuwa ba su ɓace ba, sun dai koyi tafiya gaida aboki a can ƙetaren iyaka, su dawo da safe ido ja su ce hazo ne.

Ana yawan musu a kan abin da ya kashe dandali. Wasu su ce Shari'a, wasu su ce waya. A ganina kowanne ya ɗebi rabonsa, amma ba ɗayansu da ya kore mu daga waje. Bayan Shari'a mun ci gaba da hira har sha biyu, bayan waya ma haka, sai dai kowa kansa a sunkuye.

Kirsimeti a wajenmu ta fi bayyana da ƙofofin da aka rufe. Wajen tsakiyar Disamba mai sayar da kayan gyaran babur da mai kemis da suka zo daga Kudu, a Gummi ne ko a Anka, sai su sa kwaɗo su tafi gida, ba a ganinsu sai Janairu. A makonnin nan ne muke gane amfaninsu, ranar da babur ya tsaya aka rasa fulogi. Waɗanda suka rage, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da maƙwabtanmu na ƙasar Zuru, sukan aiko da shinkafa da kaza gidajen da ake mutunci, yadda mu ma muke aika musu naman layya. Sai manya su zauna muhawarar a ci ko kada a ci, kowa da malaminsa. Kafin a kai ƙarshen muhawarar yara sun wanke kwanon. Su mutanen Zuru suna da Uhola, bikinsu na godiyar girbi, Kabawa na da gasar kamun kifi ta Argungu da aka fara tun 1934, wanda ya je ya dawo da labarin kifin da ya fi shi tsawo. Daren sabuwar shekara kuwa barcinmu muke yi. 'Yan boko ne ke tura saƙonni, ma'aikata kuma abin da ya dame su shi ne albashin Disamba da aka cinye tun kafin a ga Janairu.

Duk abin nan da nake faɗa, wanda ya san garin shekara goma sha biyar da suka wuce zai ce ai saura ne. Gaskiyarsa. Daren ya gajarce, kuma kowa ya san masu gajarta shi, ko da yake a teburin shayi ba a cika kiran sunansu ba, sai a ce "mutanen daji" ko "yaran nan", a waiga. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur daga shida na yamma zuwa shida na safe, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Wanda ke son gaida ɗansa a Legas sai ya yi tafiya zuwa wata jiha. A farkon Janairun 2022, tsakiyar hunturu, aka afka wa ƙauyuka tsakanin Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai 200. Adabka kanta ta sha shiga labaran rediyo, kuma ba don kasuwa ko biki ba. Akwai ƙauyukan da sai sun biya kuɗi ake barinsu su girbe abin da suka shuka da hannunsu, to rumbun da aka biya fansarsa wane aure zai ɗaura? A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, yaranmu na cikinsu, ga 'yan sa-kai, ga sojoji da 'yan sanda da ake kawowa, kuma wasunsu sun bar ransu a hanyoyin nan. Allah Ya jiƙansu.

Sai muka koyi wasu ɗabi'u da ba mu gada ba. Bencin da ke fuskantar hanya shi ke fara cika, ba wanda ke son ba duhu baya. In ƙarar babur ta wuce ɗaya, hira ta tsaya cak, kofi a hannu, har sai an gane na wane ne. Ɗaurin auren da ake yi bayan Juma'a a yi ta shagali har dare, yanzu ana shafa fatiha baƙi na duba rana, don kowa na son ya kai gida da ido. Amarya da ake kaiwa bayan isha'i da waƙa da guɗa, in garin da nisa da hantsi ake kai ta. Saurayin da ke zuwa zance wani ƙauye da dare ya koma zancen waya, in akwai layi, in babu ya hau tudu ya ɗaga hannu sama. Zaurukanmu kuma da yamma cika suke yi da 'yan uwa daga ƙauyuka, su kwana, da safe su koma, wasu kuma sun zo ke nan, har yaransu sun shiga makarantar allon unguwa. Tukunyar da ake ɗora wa mutum takwas yanzu ta sha biyar ce, kuma matan gida ba su taɓa kai ƙara majalisa ba.

Duk da haka ba mu bar raha ba, don ita ba a karɓar mata haraji. Akwai wanda har yau ake tsokana don daren da jaki ya ture kwanon rufi, shi ya riga kowa tsallake katanga, ya bar takalmi da hula da rabin burodi. In an tayar da zancen sai ya ce, "To ku da kunka tsaya, mi kunka tsaya yi? Ni dai na san ɗiyana ƙanana na." A yi dariya har da shi, mai shayi ya ƙara masa ruwa kyauta. Wanda ya fi kowa dariyar, shi aka tarar a cikin rumbu daren.

Manyanmu na Gusau da Abuja da ke fitowa a rediyo suna cewa an samu sauƙi, ba mu ƙaryata su ba, Allah Ya sa haka ne. Amma in suna son su san iyakar sauƙin, ba sai sun tara taro ba. Su aiko a tambayi mai shayin kowane gari, daga Anka zuwa Bukkuyum zuwa Gummi, ƙarfe nawa yake kashe wuta bana, ƙarfe nawa yake kashewa kafin abin nan ya fara. A tsare mana hanyar da ta tashi daga Anka ta bi Daki Takwas zuwa Gummi, da ƙananan hanyoyin da ke shiga garuruwanmu, a bar manomi ya kai amfaninsa gida ba tare da ya biya kowa ba. Sauran shagalin mun iya shi da kanmu.

Kai kuma mai niyyar zuwa ɗaurin aure wajenmu bana, ka taso da wuri, ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka hau, ka shigo gari kafin la'asar. Ka zo da rigar sanyi da man shafawa, in da hali ka riƙo guda ta yara ka bar wa makarantar allo. In an kawo maka hoce kada ka ƙwanƙwasa shi a gaban masu gida.